Ƙwayar Ciwon Jiki da Gishirin Miya: Wanne Ya Fi Yi wa Zuciya Nauyi?

Jawabi ga hakimai da malamansu

 Maganar yau ta shafi abubuwa biyu waɗanda da wuya a rasa su a kowane gida, tun daga gidan sarauta har bukkar manomi, watau ƙwayar maganin ciwon jiki da gishirin da a ke zubawa a tukunya. Tun da labari ya bazu cewa waɗansu magungunan ciwon jiki suna taɓa zuciya, masu jin labarin suka rabu biyu. Waɗansu sun tsorata, har tsoho ya gwammace ya kwana yana nishi da ciwon gwiwa da ya haɗiyi ƙwaya ɗaya. Waɗansu kuwa suka ce ai abincin da a ke ci kullum ya fi kashe mutane, saboda haka suka ci gaba da shan abinsu safe da maraice. Tun da ya ke hakimi a kan je wa da tambaya, malaminsa kuma shi ke karanta wa jama'a takardar da ke cikin kwalin magani, ya kamata su san yadda likitoci suka auna abin.

Da farko sai a rarrabe magungunan, gama ba dangi ɗaya ba ne. Farasitamol, wanda aka fi sani da sunan Panadol, gidansa daban. Yana rage zazzaɓi da zogi, ba ya sauke kumburi sosai, babban haɗarinsa kuwa ga hanta ya ke in babban mutum ya zarce giram 4 a yini. Sauran su ne masu kashe ciwo su kuma sauke kumburi. Tsohonsu asfirin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayarwa a 1899. Sa'an nan ibufurofen, wanda Stewart Adams da abokan aikinsa suka gano a Ingila, aka fara sayar da shi a 1969 da sunan Brufen. Sai dikilofenak, wanda ya fito daga Suwizalan a 1973 da sunan Voltaren, ana kuma samunsa da sunan Cataflam da waɗansu sunaye masu yawa. Akwai kuma nafurozen. A kan wannan dangi maganar zuciya ta taso.

An daɗe ana shansu ba a san yadda su ke aiki ba, sai a 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano asirin, har aka ba shi kyautar Nobel a 1982. In mutum ya gurɗe ko gaɓarsa ta kumbura, jiki ya kan haɗa waɗansu sinadarai a wurin, su ne ke kawo zogi da kumburi da zafi. Maganin sai ya toshe hanyar haɗa su, ciwo ya lafa. Amma fa ba don ciwo kaɗai aka halicci sinadaran nan ba. Su ne ke sa tumbi ya shafe bangonsa da yauƙi don kada ruwan tsami na ciki ya ci shi. Su ne ke buɗe jijiyoyin ƙoda, su taimake ta fitar da gishiri da ruwa cikin fitsari. Akwai kuma ɗaya daga cikinsu wanda bangon jijiya ke fitarwa don ya hana jini yin gudaji. Ƙwaya kuwa ba ta san gwiwa daban, ƙoda daban ba. Duk inda jini ya kai ta sai ta yi aikinta.

A da, abin da aka fi tsoro ga magungunan nan shi ne gyambon ciki da zubar jini a hanji. Don haka masu haɗa magani suka duƙufa neman wanda zai kashe ciwo ya ƙyale tumbi. A 1999 kamfanin Merck na Amurka ya fito da wani mai suna Vioxx, likitoci suka yi marhabin da shi, har aka ƙiyasta mutane fiye da miliyan 80 sun sha shi a duniya. Tun a shekara ta 2000 wani gwaji ya nuna masu shansa sun fi masu shan nafurozen samun toshewar jijiyar zuciya, amma kamfanin ya ce ai nafurozen ne ke kare zuciya, ba nasu ne ke cuta ba. Aka ci gaba da sayarwa. Sai da wani gwaji na dabam ya nuna cewa cikin waɗanda suka daɗe suna shansa, toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun kusa ninka na waɗanda ba su sha ba, kana aka janye shi daga kasuwa ran 30 ga Satumba, 2004. Wani likita na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, David Graham, ya ƙiyasta cewa a ƙasarsu kaɗai maganin ya jawo mugun ciwon zuciya ga mutane tsakanin 88,000 da 140,000. A 2007 kamfanin ya yarda ya biya dala biliyan 4.85 don a kashe ƙararrakin da aka kai shi.

Abin lura a labarin nan shi ne yadda cutar ta ɓuya shekara biyar a ƙasar da ta fi kowace yawan kayan bincike. Dalili kuwa, masu ciwon gaɓɓai galibi tsofaffi ne, tsoho kuma in ya faɗi da ciwon zuciya ba wanda zai tuhumi ƙwayar gwiwarsa. Irin wannan ɓarna ba ta ganuwa ga ido, sai an ƙidaya dubbai. Saboda haka in mai kemis ya ce shekara ashirin yana sayar da magani bai taɓa ganin ya kashe kowa ba, gaskiya ya faɗa, sai dai shaidarsa ba ta isa a yanke hukunci da ita ba.

Bayan wannan sai aka waiwayi tsofaffin magungunan. Masana na Jami'ar Oksfod suka tattara gwaje-gwaje fiye da 600, waɗanda suka ƙunshi mutane fiye da 350,000, suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 2013. Suka tarar dikilofenak, in ana shan miligiram 150 kullum, yana ƙara haɗarin toshewar jijiyar zuciya da makamantanta da misalin kashi ɗaya bisa uku, daidai da dangin Vioxx. In aka ɗauki mutum 1,000 suka sha shi shekara guda, za a sami ƙarin mutum 3 da abin zai aukar wa, ɗaya daga cikinsu ya rasu. Ibufurofen ma, in an kai miligiram 2,400 a yini, yana ƙara ciwon jijiyar zuciya. Nafurozen bai nuna wannan ƙari ba, amma shi da ibufurofen sun fi cin tumbi, suna riɓanya haɗarin gyambo da zubar jini kusan sau huɗu. Dukansu kuwa, ba a cire ko ɗaya ba, suna ninka haɗarin gazawar zuciya, watau ciwon nan da ƙafafu ke kumbura, numfashi ya yi wuya, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine.

A wannan shekarar hukumar magunguna ta Turai ta hana a ba da dikilofenak ga wanda ya taɓa samun ciwon jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, a Janairun 2015 kuma Ingila ta hana sayar da ƙwayarsa sai da takardar likita. Hukumar Amurka ta ƙara gargaɗi a 2015 cewa haɗarin yana iya farawa tun makonnin farko. Game da ibufurofen kuwa, hukumar Turai ta ce ba a ga ƙarin haɗari ba ga wanda bai wuce miligiram 1,200 a yini ba. Malamai su lura da bambancin nan da kyau. Miligiram 2,400 na ibufurofen ƙwaya shida ce ta 400, ba kowa ke kai wa nan ba. Amma miligiram 150 na dikilofenak ƙwaya uku ce kacal ta 50, watau safe, rana, dare, yadda a kan sha shi kullum.

To, mutum 3 cikin 1,000, yawa ne ko kaɗan? Amsar ta dogara ga ko wane ne mai sha, gama ƙarin kashi ɗaya bisa uku a kan abin da mutum ya riga ya ɗauka a ke ɗora shi. A ƙaddara samari lafiyayyu 1,000, waɗanda ko ba magani mutum ɗaya ne a cikinsu zuciya za ta taɓa a shekara. Sulusin ɗaya bai kai mutum guda ba, balle in kwana uku kaɗai suka sha saboda ciwon haƙori. A ƙaddara kuma dattawa 1,000 masu hawan jini da ciwon sukari, waɗanda 20 a cikinsu za su gamu da abin a shekara. Sulusin 20 kusan mutum 7 ke nan, waɗanda da ba don ƙwayar ba da sun ga baɗi lafiya. Ƙwaya ɗaya ce, kuɗinta ɗaya, amma saurayi da dattijo ba abu ɗaya suka saya ba.

Yanzu sai a duba ɗaya gefen ma'aunin. Cikin abubuwan ci, wanda hujja ta fi ƙarfi a kansa shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau cikin ƙaramin cokalin shayi, a haɗe da duk wanda ke cikin miya da burodi da yaji. A rahotonta na 2023 ta ce abin da mutanen duniya ke ci ya kai kusan giram 11, fiye da ninki biyu, ta kuma danganta mutuwar mutane miliyan 1.89 a kowace shekara da wannan. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, ya matsa wa jijiyoyi, a kwana a tashi hawan jini ya zauna. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba, domin ba ya sallama.

Kakanni ba su sha wannan wahala kamar na yanzu ba, kuma ba don sun fi haƙuri ba ne. A zamanin da ayarin raƙuma ke ɗauko gishiri daga Bilma, abu ne mai tsada, uwargida da tsinke ta ke auna shi. Yau ya yi arha, ga shi kuma ya shigo ta ƙofofin da ba a kula da su. Dunƙulen ɗanɗano da a ke murmushewa a miya kusan rabinsa gishiri ne, sa'an nan a ƙara gishirin gari a bisa. Yajin tsire da na kilishi da shi a ke haɗawa. Taliyar leda da yara ke so, ƙunshin garin da ke cikinta ya isa ya cinye babban rabo na abin da aka yarje wa babba a yini. Kanwa ma, ko da ya ke ɗanɗanonta daban, sinadarin da ke ta da jini a gishiri, watau sodiyam, shi ne a cikinta. Cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun rubuta labarin mata masu jego da yawa waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna ba al'adar kaɗai ke kawo ciwon ba, akwai waɗansu dalilai. Duk da haka, zuciyar da ta raunana ba ta bukatar a ƙara mata kanwa.

Auna gishiri ya fi auna ƙwaya wuya, domin ba a iya raba mutane biyu a tilasta wa kashi ɗaya cin gishiri shekara ashirin. Amma an yi abin da ya yiwu. Wani nazari da ya haɗa mutane fiye da 170,000, aka buga a 2009, ya tarar ƙarin giram 5 a yini yana tafe da ƙarin shanyewar ɓarin jiki kashi 23 cikin 100. A ƙasar Sin kuma aka yi gwaji na sosai a ƙauyuka 600, da mutane kusan 21,000, galibinsu tsofaffi masu hawan jini ko waɗanda ɓarin jikinsu ya taɓa shanyewa. Rabin ƙauyukan aka ba su gishirin da aka musanya rubu'insa da sinadarin fotasiyam, rabi suka ci gaba da na kullum. Bayan kusan shekara biyar, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mutuwa kuma da kashi 12. A nan kusa ma an yi bincike a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, aka buga a 2018, aka tarar hawan jini yana da hannu a misalin 9 cikin 10 na shanyewar ɓarin jiki. Masu ƙara gishiri a kwano bayan an gama dahuwa, da waɗanda ba su cika cin ganye ba, haɗarinsu ya ninka na sauran.

In aka jera su haka, sai a ga masu cewa abinci ya fi kashe mutane ba su yi ƙarya ba. Ga mutum ɗaya, ƙarin da ƙwaya ke kawowa da wanda gishiri ke kawowa ba su yi nisa da juna ba. Amma ƙwaya mutane kaɗan ke shanta kullum, gishiri kuwa kowa ke ci, tun daga yaye har kabari. In aka ƙidaya gawa a ƙasa baki ɗaya, gishiri ya yi wa ƙwaya fintinkau.

Kuskurensu yana wurin da suka ɗauka cewa abubuwa biyun nan kishiyoyi ne, in ɗaya ya yi nauyi ɗayan ya zama banza. A cikin jiki hanya ɗaya su ke bi. Gishiri ya shiga, aikin ƙoda ne ta fitar da shi, ƙwayar kuwa ita ke hana ƙoda fitarwa. An auna an ga rage misalin giram 4 na gishiri a yini yana sauke lambar sama ta awon jini da maki 4 zuwa 5. An kuma auna an ga magungunan nan suna ta da jini da maki 3 zuwa 5, suna kuma rage ƙarfin yawancin magungunan hawan jini. Watau duk abin da uwargida ta samo wa maigida da ta rage hannu a miya, kwalin ƙwaya ɗaya yana iya mayar da shi. Kada a raina maki 5, gama likitoci sun lissafa cewa sauke jini da maki 5 yana rage manyan cututtukan zuciya da jijiya da kusan kashi 10 cikin 100.

Saboda haka wanda ya kamata a sa wa ido sananne ne a kowace gunduma. Dattijo ne ya haura shekara sittin, gwiwa ta hana shi durƙuso a salla, ba a taɓa auna jininsa ba, ko kuwa an auna an ba shi magani ya sha wata guda ya ajiye. Tuwonsa da miya mai dunƙule uku. Kowace safiya ya kan aiki jikansa kemis ya karɓo masa na ciwon jiki, a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba suna, ya yiwu biyu daga ciki dangi ɗaya ne. In bazara ce ga zafi ga ƙishirwa, ƙoda ta riga ta matsu, in kuma azumi ne ciki wayam. Manomi da lebura masu shan irin haɗin nan don gajiya kullum maraice suna kan hanyar zama wannan dattijo, da saura shekaru kawai.

Ba a ce a bar shi da ciwo ba. Ciwon da ya zaunar da mutum wuri ɗaya shi ma yana cutar zuciya, domin rashin motsi yana ƙara ƙiba da hawan jini. Abin da likitoci ke so shi ne a fara da farasitamol, ko da man shafawa na dikilofenak a kan gaɓar, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. In tilas sai an sha ɗan dangin nan, to a sha mafi ƙanƙantar awo da zai yi aiki, kwanaki kaɗan, iri ɗaya tak, bayan an ci abinci. Wanda zuciyarsa ta taɓa gazawa, ko ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, ko yana da ciwon ƙoda ko gyambon ciki, da mace mai ciki da ya tsufa, waɗannan kada su kusance su sai da izinin likita. Farasitamol ɗin ma ba a wanke shi sarai ba. Wani gwaji da aka yi a Edinbara ta Sikotilan, aka buga a 2022, ya nuna masu hawan jini da suka sha giram 4 kullum har mako biyu jininsu ya tashi da misalin maki 5. Asfirin kuwa sha'aninsa daban, domin ƙaramin awonsa yana hana jini gudaji, shi ya sa a kan ba wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa. Wanda aka ɗora a kansa ya sani ibufurofen yana iya tare masa wannan amfani, lafiyayye kuma kada ya ɗora wa kansa shi, gama yana sa zubar jini a ciki.

Maganar maiƙo gajeriya ce a nan. Mafi muninsa shi ne man da a ke daskarar da shi a masana'anta don yin biskit da makamantansa, Danmak ce ta fara ƙayyade shi a 2003, Nijeriya ma ta kafa dokar kada ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. Wannan aikin hukuma ne, talaka ba ya iya ganinsa a kwano. Abin da ke hannunsa shi ne zogale da rama da alayyafo da yakuwa, da wake, da gero da dawa da ba a surfe su ƙal ba, da daddawa a madadin rabin dunƙulen.

Gidan hakimi ya fi kowane gida dafa abinci a gunduma, baƙi da fadawa da masu ƙara duk a nan su ke ci, abin da aka saba da shi a can kuwa shi gari ke kwaikwaya. In aka rage gishiri kaɗan kaɗan, cikin 'yan makonni harshe ya kan saba har ba mai tankawa. Ranar taron dagatai da masu unguwanni ana iya gayyato ma'aikacin asibiti ya zo da abin awon jini, a fara da hakimi da kansa a gaban jama'a. Wanda lambarsa ta kai 140 bisa 90, aka sake aunawa wata rana aka same ta haka, sai a tura shi asibiti, a kuma gaya masa ya faɗa wa mai kemis kafin ya karɓi kowane maganin ciwon jiki. Masu kemis na gunduma a kira su a roƙe su su daina ƙulla magani ba suna. Malamai kuwa, in dattijo ya kawo musu kwali, su duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan, domin a nan a ke rubuta ainihin maganin da yawan miligiram ɗinsa. Su rubuta masa su a takarda tare da ranar da ya fara sha, ya riƙe ta ya nuna wa likita.